Ranar da Na Sa Aka Kwance Goyon Jikana

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya saukar mana da wannan jinya kuma Ya ɗauke ta da kanSa. Shekara talatin na yi ina koyar da yara a firamare kafin na ajiye alli, kuma duk unguwarmu ta Madabo an san ni da gyara wa mutane kuskurensu, ko sun tambaye ni ko ba su tambaye ni ba. Wannan karon nawa kuskuren zan rubuta, domin saura kaɗan ya tafi da ran jikana. Duk wadda aka haifa mata bakwaini a gida, ta daure ta karanta har ƙarshe.

'Yata Uwani ce ta haife shi. Tana aure a unguwar Soron Ɗinki, mijinta Nasiru tela ne. Cikin fari ne, don haka mun shirya za ta dawo gabana ta haihu ta yi wanka. Na sa an shafe ɗakina da farar ƙasa, na tanadi itace da kanwa da gero, ina ta lissafin sauran wata biyu. Wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar marka, Nasiru ya bugo mini waya.

"Umma, wai ruwa ne yake ta zubo mata, kuma ta ce ba ta jin ciwon komai."

Cikin yana wata bakwai da 'yan kwanaki. Ban tsaya neman mayafi mai kyau ba, wanda hannuna ya kai shi na yafa.

Asibitin farko suka duba ta suka ce ba su da kwalbar saka jarirai, mu ƙara gaba. A na biyu muka bi layin yankar kati, muka bi layin awo, muka zauna a benci tun kafin azahar har aka kira la'asar, yarinya tana zaune a jiƙe. Na yi faɗa da mai kiran suna har sau biyu, kuma har yau ban ga laifina ba. Da muka samu shiga, likitan yaro ne, a haife na haife shi, amma yana da natsuwa. Ya sa aka yi mata allura, ya ce: "Wannan ba taki ba ce, ta huhun yaron ce."

Ni kuwa ba a faɗa mini magana rabi. Na ce ya yi mini bayani. Ya ce duk kayan cikin jariri huhu ne yake nuna a ƙarshe, domin a ciki ba shi da aikin yi. Uwa ce take shaƙar masa iska, tana isa gare shi ta cibiya, shi kuwa huhun cike yake da ruwa. Sai ranar haihuwa ruwan zai tsane, kukan farko ya buɗe shi. Sannan ya ɗauki wata ledar ruwa da aka shanye, ya matse ta, ya nuna mini yadda cikinta ya manne da juna.

"Kin ga wannan, Mama? A cikin huhu akwai 'yan jakunkuna ƙanana birjik. Akwai wani maiƙo da yake shafe cikinsu don kada su manne haka idan iska ta fita. Safaktan muke ce masa. Sai a makonnin ƙarshe jiki yake yin sa da yawa. Idan yaro ya riga shi zuwa, kowane numfashi sai ya sake ɓamɓare jakar daga farko. Allurar nan gaggauta shi take yi, amma tana son kwana ɗaya ko biyu. Ku yi addu'a ya ɗan jira."

Na rubuta kalmar a bayan katin Uwani. Yaron ya jira kwana ɗaya da rabi, ranar Juma'a da safe ya fito.

Bai yi kuka irin na jarirai ba, wata 'yar ƙara ya yi kamar ɗan mage. Da aka bar ni na leƙa shi ta gilashi, gabana ya faɗi. Duk tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa tafina ba. Duk jan numfashi sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki, ƙofofin hancinsa su buɗe, duk fitar numfashi sai ya yi ɗan nishi kamar mai ɗaukar kaya. An saka masa roba a hanci, ɗaya bakin robar yana cikin wata kwalbar ruwa da take ta ɓulɓuli. Babbar nas ɗin ɗakin, Sista Rakiya, wata gajeriyar mata mai kaifin baki, ta ce mini muddin ruwan nan yana ɓulɓuli, iska tana riƙe masa huhun a buɗe, ba sai ya yi wahalar shi kaɗai ba.

Makon farko a baranda na yi shi, ni da sauran kakanni, kowacce da tabarmarta da fulas ɗinta. Uwani tana tatsar nono a ɗan kofi ana zura masa ta wata siririyar roba. Abin da ya fi tayar mini da hankali ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta sai an ɗau lokaci, mu kuma muna tsaye a taga muna salati. Kullum kuma da takardar da za a miƙo a ce a je a sayo. Ba zan kawo lissafi a nan ba, ya isa in ce Nasiru kekunan ɗinki biyu gare shi, kafin a gama ya koma ɗaya, kuma ban taɓa jin ya ambata ba.

Shawara kuwa ta zo mana buhu-buhu. Wata ta ce a karɓo shi a naɗe shi cikin auduga, haka aka yi wa kakanta kuma ya shekara casa'in. Wata ta ce a rufe ɗaki a ajiye kaskon garwashi. Wata ta ce in kwantar da hankalina, ai bakwaini ya fi ɗan wata takwas ƙwari. Na tambayi likita wannan, ya yi murmushi ya ce duk kwana ɗaya da yaro ya ƙara a ciki riba ce. Ranar suna aka raɗa masa Muhammadu a masallaci, aka yanka rago, mai sunan yana kwalba bai san ana yi ba. Ni dai Angona nake ce masa, kamar yadda kowace kaka take tsokanar jikanta namiji. Nakan tsaya a gilashi in ce masa: "Wane irin ango ne kai, ka zo ba lefe ba sadaki, sai roba a hanci?"

A mako na biyu nishin ya ragu, haƙarƙarin ya daina lotsawa sosai, aka cire masa robar. Muna murna sai wata sabuwa ta ɓullo. Yana cikin barci sai kawai ya tsaya da numfashi, shiru, har sai an taɓa shi. Likita ya ce wannan kuma ba daga huhu ba ne kawai, wurin da yake ba da umarnin numfashi a ƙwaƙwalwa ne bai gama ƙwarewa ba, yakan manta. Aka fara ba shi wani magani, likita ya ce ɗan'uwan abin nan ne da yake cikin goro, mai hana mutum gyangyaɗi. Na ce to madalla, ango tun bai yi haƙori ba ya fara cin goro. Sista Rakiya ta tara mu ni da Uwani ta koya mana: idan ya yi shiru a dubi ƙirjinsa, a dubi leɓensa, idan ƙirjin bai motsa ba a murza bayansa, a ɗan ɗalli tafin ƙafarsa. Idan leɓen ya fara duhu, ba a jiran kowa, asibiti.

A mako na uku Sista ta zo da wani zane ta ce yau za a fara goyon ƙirji. Ta ce Uwani ta cire riga. Ta ɗauko yaron daga shi sai ɗan kamfai da hula, ta kwantar da shi tsakanin nonon uwarsa, fata da fata, kansa a juye gefe, ta ɗaure da zanen. Ta ce ɗumin jikin uwa ya fi na kwalba, kuma ƙirjinta da yake hawa yana sauka shi zai riƙa tuna masa da numfashi. Uwani ta saci kallona, ta sunkuyar da kai. Ni kuma na juyar da fuskata wajen taga.

A nan sai na yi wa 'yan baya bayani, domin na ga yanzu abin ya fara ja baya. A gidanmu ɗan fari abin kunya ne. Uwa ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa a gaban manya sai in nono za ta ba shi, shi ma tana kawar da kai. Haka aka yi mini tarbiyya, kuma ina alfahari da ita. Uwani ita ce tawa 'yar farin. Ranar da aka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, shi ya sa har yau Yaya take ce mini kamar yadda ƙannena suke faɗa. Sunanta na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. To ga ta yau a gabana, rungume da ɗan fari a ƙirji.

Sista ta lura da mu. Ta ce: "Malama, nan ba gidan suna ba ne. Kunyar nan ku ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmanku."

Na yi dariya, na ce na ji. A asibiti abin bai yi mini wuya ba, domin duk ɗakin haka kowace uwa take zaune.

Da ya cika mako huɗu ya fara kama nono da kansa, ya ɗan ƙara nauyi, kuma ana neman gadon don wasu jariran. Aka sallame mu da sharuɗɗa. Ya zauna a ƙirji dare da rana, sai in uwar za ta kewaya, a lokacin wani ya karɓe shi a nasa ƙirjin. Ban da hayaƙi kowane iri. Ban da hannun baƙi. A dawo awo duk mako. Sista ta sa na maimaita mata su kamar 'yar aji ɗaya.

Kuma wallahi na yi ƙoƙari. Na tattara turaren wutana na kulle a akwati, na hana kunna maganin sauro, na sa aka mayar da murhun ruwan wankan jego gidan maƙociyata, ana dafawa can ana kawowa a bokiti. Kwana biyu ina yawo a tsakar gida ina jin babu kakar da ta kai ni bin doka.

Rana ta uku da yamma, an yi ruwa an ɗauke, gari ya yi sanyi, sai ga sallamar Hajiya Gambo, mahaifiyar Nasiru. Mutuniyar kirki ce, ba mu taɓa samun saɓani ba. Ta zo da matan danginsu sun fi goma, da kayan barka niƙi-niƙi, domin ba a yi taron suna ba, kowa yana ɗokin ganin yaro. Suka cika ɗakin, ƙamshin humra ya tashi. Uwani tana zaune a bakin gado, yaron a ƙirjinta cikin zane, ta rufa da mayafi. Aka gaisa. Sai na ji wata daga bayana ta yi ƙasa da murya, amma yadda zan ji:

"Oh, 'ya'yan zamani. Ɗan fari a ƙirji kamar laya, kuma a gaban surukai."

Maganar ta dake ni. A lokacin babu huhu a raina, babu Sista, babu likita. Abin da kawai nake gani shi ne za a fita a ce 'yar Malama ba ta da kunya, a gidan Malama kuma, a gaban idonta.

Na ce: "Ke, kwance shi mana ki ba iyayensa su gan shi."

Ta ɗago ta dube ni. "Yaya, Sista ta ce..."

"Minti nawa ne? Kwance shi."

Ba ta taɓa yi mini musu ba tun tana ƙarama, ranar ma ba ta yi ba. Ta kwance. Aka naɗe shi a tawul, ya fara zagaya hannuwa. Wannan ta tofa masa addu'a, wannan ta buɗe tawul ta ga ƙafa ta ce ta Nasiru ce, wannan ta kai shi bakin taga don ta ga fuskar da kyau. Akwai wadda take ta jan hanci tana cewa murar damina ce ta kama ta. Uwani kuma ta yi abin da ake so 'yar mutunci ta yi: ta juya fuskarta bango, ba ta ko kallon inda yake. Ni na fita tsakar gida ina zuba wa baƙi abinci. Mata sun fi goma a ɗaki, babu ɗaya da take kallon ƙirjinsa, domin mu biyu kaɗai aka koya wa, kuma ni na kawar da mu duka.

Ban san tsawon lokacin ba, amma ya kusa awa. Ina shigowa da faranti na ji Hajiya Gambo tana cewa: "Kai, wannan yaro akwai haƙuri. Ko motsi ba ya yi."

Farantin ya suɓuce daga hannuna. Kafin in ƙarasa, Uwani ta diro daga gado ta fizge shi daga hannun surukarta. Leɓensa ya yi duhu kamar an shafa shuni, jikinsa sanyi ƙalau. Ta kifa shi a hannunta tana murza bayansa, tana ɗallin ƙafarsa, tana kiran sunansa da ƙarfi, sunan da ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗa a gabana ba. "Muhammadu! Muhammadu!" Can sai ya ja wata iska da ƙyar, ya tsaya, ya sake ja.

Ta cusa shi a ƙirjinta, na ɗaure zanen. Lungunmu adaidaita ba ta shiga, da ƙafa muka fita har titi cikin taɓo, ita ko takalmi babu. Duk hanya hannunta yana kan bayansa, bakinta yana motsi da addu'a.

Aka mayar da shi kwalba, aka mayar masa da robar hanci. Likita ya ce sanyi ne ya kama shi, kuma jariri irinsa idan jikinsa ya huce numfashi ne yake fara tafiya. Bai yi faɗa ba. Sista Rakiya ce ta tsaya a kanmu ta riƙe ƙugu.

"Wa ya kwance shi?"

Uwani ta sunkuyar da kai. Na gane so take ta ɗauki laifin don ta rufa mini asiri. Na ce: "Ni ce. Surukanta ne suka zo, na ji kunya."

Sista ta dube ni. "Malama, kin girme ni, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Waɗanda kika ji kunyarsu, da ya tafi, ta'aziyya za su zo su yi miki su koma gidajensu. Ita wannan fa?" Ta nuna Uwani.



Bayan kwana biyu murar nan ta sauka masa a ƙirji. Nishin ya dawo, haƙarƙarin ya koma lotsawa, aka fara allurai ta jijiya. Likita ya ce abin da babba zai yi atishawa biyu ya warke, a hanyar iskar bakwaini toshewa yake yi, saboda ƙanƙantarta. Kwana goma sha ɗaya muka ƙara. A cikinsu Uwani ba ta ɗaga mini murya ba, ba ta ce ke kika jawo ba. Tana gaishe ni da safe, tana karɓar abinci ta ce an gode. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Hajiya Gambo kullum sai ta zo da kwanon abinci. Ba ta shiga, a bakin taga take tsayawa. Wata rana ta kama hannuna ta fashe da kuka, ta ce a cinyarta yaron yake mutuwa tana yabon haƙurinsa. Na ce mata ba ta da laifi, ba ta sani ba. Wadda ta sani ita ce ta ce a kwance.

Da ya fara samun sauƙi aka dawo da goyon ƙirji. Uwani ta rame, idonta ya faɗa, ba ta yarda ta runtsa. Sista ta ce ta je ta yi wanka ta kwanta, kakarsa ta karɓa. Na ga yadda yarinyar ta yi jim kafin ta miƙo mini shi, kuma ban ga laifinta ba. Na cire riga a gaban yaran nas-nas da na haifi kamarsu, aka ɗaura mini shi. Bai fi nauyin kwanon shan ruwa ba. Sai na ji numfashinsa a fatata, sauri-sauri, ya ɗan tsaya, in ja nawa numfashin da ƙarfi, sai ya biyo ni. Na ce masa a hankali: "Ango, ka yafe wa amaryarka, ba ta da wayo." Hawaye suka zubo mini. 'Ya'ya shida na haifa, biyar na san ɗumin jikinsu. Ta farin kuwa, wadda take kwance can a tabarma, ban taɓa riƙe ta haka ba ko da babu kowa a ɗakin, don kada wani ya shigo ya gani. Ina sonta tun ranar da ta faɗo, ban dai taɓa bari ta sani ba.

Da aka sake sallamar mu, na ɗauki kujerata na dasa a ƙofar ɗaki, da buta da sabulu a gefe. Duk wadda ta zo barka mu gaisa a tsakar gida, ta leƙa daga bakin ƙofa, ta yi addu'a daga nan. Mai tari ko mura daga soro take juyawa. An ji haushi, ba kaɗan ba. Wata ƙawata ta shekara arba'in ta ce na mayar da jika ɗan gwal, ta yi wata biyu ba ta taka gidana ba. Aka ce boko ya yi mini yawa. Na ce a faɗa, kunnena ya saba.

Ranar da Hajiya Gambo ta zo, na ga hannun Uwani ya tafi kan ƙullin zanen da kansa, don sabo. Na miƙe zan yi magana, Hajiya ta riga ni.

"Kul! Kada ki kuskura. Ina ganinsa daga nan, ga kan nan irin na ubansa. Ki riƙe ɗanki, 'yar nan, Allah Ya yi miki albarka."

Na ƙarasa na ƙara tamke ƙullin, a gabanta da matan da suka rako ta.

Duk mako muna komawa awo, mu bi layi tun safe, wani lokaci a ce ma'aunin yana wani ɗaki a jira. Ina da ƙorafi a kan layin nan da ɗauke wutar nan, kuma zan ci gaba da yi. Amma likitan nan da Sista Rakiya, da yaran nas-nas da suke tsaye a kan jariran mutane ba dare ba rana, ba ni da abin biyansu sai addu'a. Allah Ya saka musu, Ya jiƙan iyayensu. Ga 'yan'uwana kakanni kuma, abin da zan ce kaɗan ne. Bakwaini ba ƙanƙanta ce kawai take damunsa ba, huhunsa ne bai gama nuna ba. Shirunsa ba haƙuri ba ne, a duba ƙirjinsa. A raba shi da hayaƙi da sanyi da hannun jama'a. Idan an ce a ƙirjin uwa zai zauna, a bar shi a nan ko wa ya shigo. Kunya abu ne mai kyau, har gobe ina koya wa jikokina ita, amma ba a ɗakin da jariri yake koyon numfashi ba.

Mun tambayi Sista yaushe za a daina goyon. Ta ce ba ita za ta faɗa ba, shi zai faɗa. Haka kuwa aka yi. Wajen lokacin da ya kamata a ce an haife shi, ya fara tirjewa a cikin zanen, yana tura ƙafa, yana fitar da hannu. Wata safiya ana ɗaura shi ya callara wani kuka da maƙociyata ta jiyo ta katanga, ta leƙo tana tambaya ko wani jaririn aka kawo. A awon makon likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinsa gaba da baya, sannan ya cire abin daga kunne ya ce: "Mama, huhun angonki ya nuna. A kwantar da shi rigingine a gado, ya yi barcinsa."

Muka dawo gida bayan azahar. Uwani ta kwance zanen, ta kwantar da shi a tsakiyar gado, ta cire hannunta a hankali. Ta kasa tashi. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gadon, idonta a kan ƙirjinsa. Na ce ta je ta ci abinci, ta girgiza kai. Sai na zauna kusa da ita, muka zuba masa ido mu biyu. Ƙirjin yana hawa yana sauka, ba nishi, ba lotsawa, ba mai tuna masa.

"Yaya," ta ce, ba ta dube ni ba, "idan na rufe ido za ki duba mini shi?"

Tun ranar barkar nan ba ta roƙe ni komai ba sai a lokacin.

Na ce: "Zan duba."

"Ba za ki tashi ba ko wani ya yi sallama?"

"Ko wa ya yi sallama."

Can na ji nauyin kanta a kafaɗata. Na ɗaga hannu na rungumo ta, na gyara mata kwanciya a ƙirjina, 'yar shekara ashirin da huɗu, ƙofar ɗaki a buɗe. Aka yi sallama a soro har sau uku. Ban amsa ba, ban motsa ba, har aka gaji aka tafi.